Wai yanzu mu waye sarkinmu? Sharhi kan dambarwar masarautun Kano daga ɓangaren mutanen karkara

Duk mai zama majalisa a garuruwan gabashin Kano, irinsu Albasu da Ajingi da ƙauyukan da suka zagaye Gaya, ya san tambayar nan ta sha tasowa bayan la'asar, sai kaji wani dattijo ya gyara zama a kan tabarma yace "to wai ku yaran nan masu waya, yanzu mu waye sarkinmu?" a yi dariya a wuce, amma fa in ka duba tambayar ba ta raha ba ce. Ɗauki mutumin Albasu. Kafin Mayun 2019 ƙasarsa tana ƙarƙashin Sarkin Kano kai tsaye, daga nan aka ce masa yana masarautar Gaya mai daraja ta ɗaya wadda ba ta ƙarƙashin kowa, a Mayun 2024 aka rushe ta ya koma Kano, ko wata biyu ba a rufa ba a Yulin 2024 aka sake cewa yana Gaya amma fa mai daraja ta biyu. Sauyi uku kenan cikin shekara biyar, gonarsa tana nan inda take, rijiyar unguwarsu ma ba ta matsa ba. Maƙwabcinsa na Wudil shi kuma an kai shi Gaya a 2019, aka dawo da shi Kano a 2024, da aka sake kafa Gaya ba a mayar da shi ba.

Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne kowane ɓangare da sunan kare gargajiya yake magana. Mai cewa a bar Kano ɗaya yace gadon iyaye da kakanni yake karewa, mai cewa a ba Gaya da Rano da Ƙaraye nasu shi ma haka yake cewa. To tunda duka biyun ba ƙarya suke ba gaba ɗaya, gara a warware abin zare-zare.

Mu fara da kalmomin

Sarauta a ƙasar Kano hawa-hawa ce. A ƙasa akwai mai unguwa, shi ne ya san gidan da aka haihu da gidan da baƙo ya sauka. Samansa dagaci, mai riƙe da gari ko tarin ƙauyuka. Saman dagaci hakimi, mai riƙe da gunduma, wanda yawanci yake da wata sarautar fada a kansa kamar Makama ko Madaki ko Ɗan Iya ko Turaki. Sai sarki a can sama. Masarauta ita ce duk ƙasar da hakimanta suke kai gaisuwa ga sarki guda.

Maganar "daraja ta ɗaya" da "daraja ta biyu" kuwa ba daga Shehu ta samo asali ba, ba kuma daga sarakunan Haɓe ba, tsarin Turawan mulkin mallaka ne, su suka zo da raba sanduna suna cewa wannan sarki mai sanda mai daraja ta ɗaya ne wancan ta biyu. A dokar Kano ta Yulin 2024 ma'anar daraja ta biyu ita ce sarakunan Rano da Gaya da Ƙaraye suna da fada da majalisa amma Sarkin Kano yana samansu. Rano ta samu ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya, Gaya ta samu Gaya da Ajingi da Albasu, Ƙaraye ta samu Ƙaraye da Rogo. Bichi ba a dawo da ita ba.

Sai masu zaɓen sarki. A al'adar gidan Dabo, gidan da yake sarautar Kano, mutum huɗu ne: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, da Sarkin Dawaki Mai Tuta daga Sulluɓawa. Su suke tace 'ya'yan sarki su miƙa suna, amma wanda yake sa hannu a takardar naɗi gwamna ne. A riƙe wannan, don kusan duk rigimar a nan ta ƙulle.

Kalma ta ƙarshe ita ce wadda 'yan jarida suke cewa masu ra'ayin riƙau ko 'yan mazan jiya. A ƙauye ba mai kiran kansa haka, abin da zaka ji shi ne "mu dai abin da muka taras muke bi". Ra'ayin a taƙaice shi ne abin da ya daɗe yana riƙe da jama'a, sarauta da malanta da girmama na gaba, ba a taɓa shi da garaje don kawai an ci zaɓe, saboda mai mulkin shekara huɗu ko takwas zai tafi ya bar mutane da ɓarnar.

Daga Dabo zuwa En'e

Tarihin sarautar Kano ana kai shi har Bagauda wajen shekarar 999, kuma fadar da ake rigima a kanta Muhammadu Rumfa ne ya gina ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Amma gidan da yake sarauta yanzu bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya samu, an kori Sarki Alwali, Sulaimanu ya hau, bayansa Ibrahim Dabo ya hau a 1819, kuma daga Dabo ne duk sarakunan da suka biyo baya suka fito, har da su biyun da ake ja a kansu yau, Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero. Duk zuriyar Sarki Abdullahi Bayero ne ta hanya daban-daban, wato rigimar cikin gida ɗaya ce.

Wani abin da masu cewa "a da ba a yi wa sarauta katsalandan" suke tsallakewa shi ne tun kafin Bature ma akwai hannun waje. Sarkin Musulmi a Sakkwato shi yake tabbatar da Sarkin Kano. A 1893 da ya naɗa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice suka yi sansani a Takai, aka gwabza abin da ake kira yaƙin basasa har Aliyu Babba ya karɓe gari. Ƙauyukan kudu da gabashin Kano su suka fi ɗanɗana kuɗar wannan yaƙin. Bambancin dai shi ne a wancan lokacin mai naɗawar shugaban addini ne wanda aka yi wa mubaya'a, ba ɗan jam'iyya ba, kuma wannan bambancin shi masu riƙo da gargajiya suke cewa ba ƙarami ba ne.

A 1903 Turawa suka ci Kano suka naɗa Abbas. Daga ranar ikon naɗawa da cirewa ya koma hannun gwamnati bai kuma dawo ba. Turawan ne kuma bayan 'yan shekaru suka tilasta wa hakimai barin birni su koma gundumominsu su zauna don karɓar haraji, kafin nan da yawansu a birni suke zaune jakadu ne suke zuwar musu ƙauye. Kenan hakimi mai zama a gari da muka buɗe ido muka gani muke ce masa tsohuwar al'ada, shi ma shekarunsa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba.

Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta, shi ne lokacin da sarauta ta fi ƙarfi a kan talaka, sarki yana da 'yan doka, yana da kotunan alƙalai, yana da gidan yari da baitulmali, dagaci yana karɓar haraji da jangali. Tsofaffin da suka ga lokacin sun kasu biyu har yau, wasu zasu ce maka a lokacin ka bar kayanka a kasuwa ka dawo ka tarar, wasu kuma zasu tuna maka aikin tilas da yadda ake ɗaure mutum a rana saboda kuɗin haraji, wanda shi ne ya ba jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano kasuwa tun daga 1950.

Yadda aka yi ta rage wa sarauta iko

A 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarki Sanusi na ɗaya ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'e, ya koma Azare da zama. Bayan sojoji sun karɓi mulki, a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya binne En'e gaba ɗaya ya kawo ciyaman da kansiloli. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin riƙe ta. A 1979 Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, wanda talakawa suka yi murna da shi, amma shi ne kuma ya cire babban aikin da ya sa gwamnati take buƙatar dagaci kullum. Tsarin mulkin 1999 kuwa ko layi ɗaya bai ware wa sarakuna na aiki ba, shi ya sa kowace jiha majalisar dokokinta ce take tsara sarautunta yadda ta ga dama.

To ka ga inda aka kwana: sarki ba shi da ɗan sanda, ba shi da kotu, kuɗin tafiyar da fada ma daga kason ƙananan hukumomi ake cire masa, abin da ya rage masa shi ne kwarjini da jin maganarsa da mutane suke yi. Shi kuma wannan kwarjinin a shekarar zaɓe ƙuri'a ne, don haka ba gwamnan da zai kawar da kai daga gare shi.

Rimi, Jigawa, Ganduje, Abba

Ba Ganduje ne ya fara raba masarautar Kano ba. A 1981 Rimi ya ɗaga Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse da Auyo, sannan gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, abin da ya jawo tarzomar 10 ga Yulin 1981 wadda aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa Dakta Bala Muhammad aka ƙona gine-ginen gwamnati. Da Sabo Bakin Zuwo ya hau a 1983 ya soke su.

Sai kuma 1991 da aka cire Jigawa daga Kano. Haɗeja da Gumel da Kazaure dama can masarautu ne masu zaman kansu, amma Dutse da Ringim daga jikin masarautar Kano aka yanke su, yau shekara talatin da wani abu suna nan da sarakunansu masu daraja ta ɗaya ba mai cewa a rushe. Mutumin Gaya da yake shiga Dutse cin kasuwa ko asibiti yana ganin wannan da idonsa, kuma shi ne misalin da masu son rabawa suka fi kawowa. Masu ƙin rabawa kuma sukan ce ai wannan sabuwar jiha aka yi, dole a yi mata sarakunanta, ba don a rage wa wani sarki tsawo aka yi ba.

A Mayun 2019 majalisar dokokin Kano ta yi dokar da ta ƙirƙiro Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu, aka bar wa Sarkin Kano birni da kewaye daga cikin ƙananan hukumomi 44. Kotu ta soke dokar a Nuwamba saboda ba a bi ƙa'ida ba, a Disamba aka sake yin wata. Nan wani ƙulli ya fito, garuruwan masu zaɓen sarki kansu sun faɗa sabbin masarautu, Dambatta ta Sarkin Bai da Dawakin Tofa ta Madaki sun faɗa Bichi, Wudil ta Makama ta faɗa Gaya, wato mutumin da aikinsa zaɓen Sarkin Kano an ce ya je ya yi mubaya'a a wata fadar. Wasu hakiman suka ƙi zuwa aka sauke su daga hakimci. A 9 ga Maris 2020 aka cire Sanusi II aka kai shi jihar Nasarawa, Aminu Ado ya taso daga Bichi ya zama Sarkin Kano, ƙaninsa Nasiru ya hau Bichi. Daga baya a 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce korar da aka yi wa Sanusi daga Kano ta saɓa tsarin mulki, amma fa korar aka yi hukunci a kai ba cirewar ba, mutane da yawa suna haɗa biyun.

A 23 ga Mayun 2024 majalisa ta soke dokar 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka dawo da Sanusi II. Kwana biyu bayan nan Aminu Ado ya dawo gari ya sauka a gidan sarki na unguwar Nassarawa a cikin Kano da rakiyar jami'an tsaro. Tun daga nan Kano ta zama mai fada biyu.

Masu riƙo da gargajiya ba bakinsu ɗaya ba

A nan ne abin ya fi daɗin dubawa, don in ka saurari mutane da kyau zaka ga ba rigimar 'yan zamani da 'yan gargajiya ba ce, 'yan gargajiyar ne suka rabu, kowa ya kama wani gefe na tarihi.

Na farko su ne masu cewa Kano ɗaya ce. Hujjarsu ita ce tun daga Dabo tuta ɗaya aka karɓo daga Sakkwato, kuma girman Sarkin Kano a idon Najeriya daga faɗin ƙasarsa yake, in aka yanka ta biyar an samu sarakuna biyar da ba wanda Abuja za ta ji tsoron maganarsa. Suna ƙarawa da cewa duk wanda gwamna ya ƙirƙiro wa kujera ba zai iya kallon gwamna ya ce masa ka yi kuskure ba. Raunin hujjar shi ne shi ma dawo da Kano ɗayan a 2024 da irin hanyar aka yi shi, majalisa ta zauna gwamna ya sa hannu a yini guda, kenan wuƙar da suka yi kuka da ita jiya ita suka yi murna da ita yau.

Na biyu su ne masu cewa ai sarautunmu sun girmi gidan Dabo. Rano tana cikin Hausa bakwai, shi ya sa ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, Gaya kuwa a labarin kafuwar Kano ana cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga can suka zo, Ƙaraye ma tsohuwar sarauta ce. A wajen waɗannan 2019 gyaran tsohon zalunci ne, kuma suna nuna tituna da faɗaɗa asibitoci da aka yi a hedikwatocin, da yadda ranar sallah ake hawa a garinsu mai shayi da mai tsire da mai kayan doki su samu ciniki maimakon hakimi ya kwashi jama'arsa ya tafi birni gari ya zama wayam. Nasu raunin shi ne Bichi, wadda ba ta da irin wannan tarihin kuma ɗan gidan Dabo aka kai can, sannan an haɗa wa Gaya da Rano garuruwan da ba su taɓa zama ƙarƙashinsu ba, mutumin irin waɗannan garuruwan yana iya cewa to ni kuma nawa tarihin fa.

Akwai na uku waɗanda ba a cika jin muryarsu a rediyo ba amma suna da yawa a cikin dattawan karkara, su ba ruwansu da ɗaya ko biyar, abin da ya dame su shi ne a ce sarki yana zuwa yana tafiya da gwamna kamar kwamishina. Zaka ji suna cewa "Alhaji, in yaro ya ga an cire rawanin sarki da takarda ɗaya, gobe da wane ido zai kalli dagaci, da wane ido zai kalli ubansa?" Su abin da suke nema shi ne a sa sarauta a tsarin mulki a tsaurara hanyar cire sarki. Masu suka kuma suna tambaya, in gwamnan da jama'a suka zaɓa ba zai iya cire sarki ba to sarkin da ya yi zalunci wa zai taka masa birki? Wannan tambayar jikokin jam'iyyun NEPU da PRP ne suka fi yinta, kuma a ƙasar Kano ba su da kaɗan. Wasunsu ma cewa suke duk kuɗin da ake kashewa a fada biyar ko ɗaya gara a zuba a taki da makarantun firamare.

Ba Kano kaɗai ba ce, an cire Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996 zamanin Abacha, an cire Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005, a 2024 kuma Sakkwato ta gyara dokarta ta mayar da ikon naɗa hakimai hannun gwamna.

Ina addini ya shigo?

Sarautar Kano bayan jihadi ba sarautar gargajiya ce zalla ba, asalinta amirci ne, shi ya sa ake ɗaukar sarki a matsayin shugaban Musulmin ƙasarsa. A aikace wannan yana nufin naɗin limaman Juma'a da izinin buɗe sabon masallacin Juma'a sukan bi ta hannun hakimi zuwa fada, labarin ganin wata ma daga ƙauye ta wannan tsanin yake hawa har ya kai ga Sarkin Musulmi.

Su ma malamai ba matsayarsu ɗaya ba. Akwai masu kafa hujja da wajabcin biyayya ga shugaba da gudun fitina, sai dai nan take tambaya take tasowa, wane shugaban, gwamnan da doka ta ba iko ko sarkin da aka riga aka yi wa mubaya'a? Kowane ɓangare yana jan hujjar zuwa gefensa. Sannan akwai bambancin da ya daɗe tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, fadar Kano ta daɗe da alaƙa da Tijjaniyya kuma Sanusi II kansa an naɗa shi halifan Tijjaniyya na Najeriya a 2021, ita kuma Izala tun kafuwarta a Jos a 1978 tana sukar wasu al'adun fada kamar zubewa ƙasa wajen gaisuwa. Amma kuskure ne a ɗauka rigimar ta bi wannan layin, akwai 'yan ɗariƙa a bayan kowane sarki, akwai 'yan Izala a Kwankwasiyya akwai su a Gandujiyya. A yawancin ƙauyuka jam'iyyar mutum ta fi nuna maka inda ya karkata fiye da masallacin da yake sallah.

Me ya sa kotuna suke ta saɓa wa juna?

Dalilin shi ne kotu iri biyu aka shiga. Sarkin Dawaki Babba Aminu Babba Ɗan'agundi ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da sunan an take masa haƙƙi, a Yunin 2024 kotun ta soke matakan da gwamnati ta ɗauka bayan umarninta na a dakata. A ɗaya gefen Babbar Kotun Jiha a Yulin 2024 ta hana Aminu Ado da sauran sarakuna huɗun kiran kansu sarakuna. A Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayya ba ta da hurumin shiga maganar sarauta, a Maris kuma ta dakatar da aiwatar da hukuncin nata saboda an wuce Kotun Ƙoli. Kowane ɓangare sai ya ɗauki takardar da ta yi masa daɗi ya watsa a Facebook da WhatsApp yace mun yi nasara.

Ƙari a kan haka, dokar sarauta ta jiha ce amma 'yan sanda na tarayya ne. Gwamna zai iya naɗa sarki, amma ba zai iya tilasta wa kwamishinan 'yan sanda ya fitar da wani daga gida ba, an ga haka ƙarara a Mayun 2024 lokacin da gwamna ya ba da umarnin kama Aminu Ado 'yan sanda suka ce su umarnin kotu zasu bi.

Abin da zai taɓa mutumin ƙauye

Gaskiyar magana yawancin manoma har su mutu ba abin da zai kai su gaban sarki, hulɗarsu da sarauta a wajen mai unguwa da dagaci take ƙarewa, don haka tasirin rigimar ta nan yake sauka.

Na farko cinikin gona. A karkara mutum ƙalilan ne suke da takardar gwamnati ta mallaka, abin da ake riƙewa shi ne takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa da hatimin dagaci. Sauya masarauta ba ya soke irin wannan takardar, don ba daga sarki ƙarfinta yake ba, daga shaidu yake. Inda matsala take tasowa shi ne garin da aka sauke dagaci aka naɗa wani sannan aka dawo da na farko, ko aka samu biyu kowa yana cewa shi ne, a nan mai sayen gona yana iya samun kansa da hatimin da ɗaya ɓangaren ba ya ganin girmansa, ranar da rigimar iyaka ta taso sai kotu.

Haka takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma da yara suke nema don shiga makaranta ko aikin soja da ɗan sanda, ƙaramar hukuma ce take bayarwa amma daga mai unguwa da dagaci da hakimi ake faro ta. In kujerar hakimi ta zama ba kowa, ko ana jiran a ga wace fada ce za ta naɗa, yaro yana iya rasa damar shekara guda saboda sa hannu ɗaya.

Sai sulhu, wanda shi ne aikin da ya fi kowanne yawa kuma ba a rubuta shi a ko'ina. Shanu sun shiga gona kafin a kwashe amfani, miji da mata sun samu saɓani, 'yan'uwa suna ja a kan iyakar gado, yawanci a zauren dagaci ake kashe wutar kafin ta kai ofishin 'yan sanda inda kowa zai yi asarar kuɗi. Wannan aikin da kwarjini kaɗai yake tafiya, ba dagacin da yake da ikon ɗaure kowa. In mutane suka fara kallon dagaci a matsayin ɗan jar hula, wato ɗan Kwankwasiyya, ko ɗan wancan ɓangaren, wanda hukunci bai yi wa daɗi ba zai ce ai don ba jam'iyyarmu ɗaya ba ne, ya tashi ya tafi kotu. Harkar lafiya ma haka, bayan ƙin rigakafin shan inna da aka yi a Kano a 2003, ta hannun sarakuna da hakimai da masu unguwanni aka bi gida-gida aka shawo kan iyaye, ma'aikacin lafiya shi kaɗai ba zai shiga gidan da maigida ya ce a'a ba.

Akwai kuma hawan sallah. 'Yan sanda sun hana hawa a babbar sallar 2024 da ƙaramar sallar 2025 don gudun arangama tsakanin magoya bayan fadojin biyu, a tsakanin nan ne kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Wanda yake ganin hawa wasan 'yan birni ne ya manta cewa dawakan da mahayan da yawa daga gundumomi hakimai suke tahowa da su, kuma akwai baduku mai ɗinkin kayan doki da mai sayar da harawa da dusa da makaɗa da 'yan tauri da suke jiran wannan makon duk shekara.

Ta fuskar kuɗi kuwa, albashin hakimai da dagatai da masu unguwanni da hidimar fada daga kuɗin ƙananan hukumomi suke fita. Fada biyar masu daraja ta ɗaya sun fi fada ɗaya da ƙanana uku cin kuɗi, amma ba lallai rarar ta zama rijiyar burtsatse a ƙauye ba, ya danganta da wanda yake riƙe da asusun. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye shi ma ya shigo cikin lissafin, don in ya zauna da gindinsa ciyaman ne zai zama mai sakin kason masarauta ba gidan gwamnati ba, kenan dagacin da a da yake duban hakimi, hakimi yana duban fada, fada tana duban gwamna, zai samu wani sabon wanda zai riƙa dubawa a sakatariyar ƙaramar hukuma, wanda shi kuma wa'adinsa bai ma kai na gwamnan ba.